Yadda Littafi Zai Iske Ma'aikaci a Kara: Bayani a kan Buɗaɗɗen Kundin Littattafan Waya

Gabatarwa

A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, sura 4 aya 13, mun ga manzo Bulus yana kurkuku, amma ya aika a kawo masa rigar sanyinsa da littattafansa daga inda ya bar su. Ma'aikaci ba ya gama karatu. Ranar da ɗalibi ya karɓi takardar shaida ya fita daga kwaleji, ran nan ne bukatarsa ta littafi take ƙaruwa, ran nan ne kuma yake rabuwa da ɗakin karatu.

A ce an tura wani ɗan'uwa aiki a Kara, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo, ko wani ƙauye a ƙasar Kabo. Daga Gwarzo zuwa birnin Kano kimanin kilomita 70 ne. In yana son littafi guda, sai ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya kashe yini ɗaya, kuma ba lalle ya iske littafin a kanti ba. Da damina ma ga gona tana jiransa. Abin da yake hannunsa kullum shi ne waya. Saboda haka tambayar wannan darasi ita ce: ta yaya littafi mai kyau, cikakke, wanda aka san marubucinsa, zai shiga wayar wannan ɗan'uwa, ya kuma zauna a ciki?

Abin da muke yi yanzu

Dukanmu mun san hanyar da aka saba. Wani ya tura fayil a zauren WhatsApp, wani ya tura wa wani ta Xender ko Bluetooth, wani ya kai memori wurin masu cajin waya a cika masa. Wannan hanya ta taimaki mutane da yawa, ba mu raina ta ba. Amma tana da lahani huɗu.

Na fari, fayil yakan zo ba sunan marubuci, ba shekara, wani lokaci ma shafin farko ya ɓace. Na biyu, ba a sanin ko wani ya taɓa rubutun a hanya, ya rage ko ya ƙara. Na uku, nema yana da wuya: littafin da aka tura wata shida da suka wuce ya nutse a ƙarƙashin saƙonni dubu. Na huɗu, in waya ta lalace ko aka sace ta, ɗakin karatun gaba ɗaya ya tafi, sai a koma roƙo daga farko.

Duk waɗannan matsaloli huɗu suna da tushe ɗaya: akwai littattafai, amma babu kundi.

Abubuwa uku da ya kamata mu rarrabe

Idan muna maganar littafin waya, abubuwa uku ne suke aiki tare, kuma mutane sukan gauraya su.

Na ɗaya shi ne fayil, wato littafin kansa. Wanda muka fi sani shi ne PDF. PDF kamar hoton shafi yake: girman shafin ba ya canzawa, don haka a ƙaramar waya sai mutum ya yi ta jan rubutu hagu da dama. Akwai wani nau'in da ake kira EPUB, wanda aka fitar a 2007. A cikin EPUB rubutu yana bin girman fuskar waya, mai karatu yana iya ƙara girman haruffa, abin da dattawanmu masu raunin ido za su yi murna da shi. Littafin EPUB da ba shi da hotuna sau da yawa ba ya kai megabait ɗaya, alhali littafin da aka ɗauki hoton shafukansa aka mai da shi PDF yakan ci megabait masu yawa. EPUB ba mallakar kamfani ɗaya ba ne. Tun 2017 ƙungiyar W3C, wadda take kula da ƙa'idodin shafukan intanet, ita take riƙe da shi, ta kuma amince da bugu na 3.3 a 2023.

Na biyu shi ne manhajar karatu, wadda take buɗe fayil ɗin a waya ko kwamfuta.

Na uku shi ne kundi. Duk wanda ya taɓa shiga babban ɗakin karatu, kamar na Murtala Muhammad a Kano ko na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya san ba a fara da hawa kan kanta. Ana fara da kundin da yake faɗin sunan littafi, da marubuci, da fanni, da inda aka ajiye shi. A da katuna ne a cikin akwatuna, yanzu kwamfuta ce. Littattafai dubu ba kundi tsibi ne kawai. Kundi ne yake mai da tsibi ɗakin karatu.

Mene ne OPDS?

OPDS taƙaitaccen suna ne na Turanci, ma'anarsa buɗaɗɗen tsarin rarraba abubuwan da aka wallafa. Ba manhaja ba ce, ba kanti ba ne, ba kamfani ba ne. Yarjejeniya ce a kan yadda za a rubuta kundi domin kowace manhajar karatu ta iya fahimtarsa.

Mu ɗauki misalin kasuwar hatsi. In mai sayarwa a Getso da mai saye daga Garo sun yarda da girman tiya, ciniki yana tafiya ba gardama, ko ba su taɓa ganin juna ba. In kowa ya zo da kwanonsa, sai rigima. OPDS tiya ce da masu ajiye littattafai da masu ƙera manhajoji suka amince da ita. Kalmar buɗaɗɗe kuma tana nufin an wallafa ƙa'idar a fili, kowa yana iya karanta ta ya yi aiki da ita, ba biyan kuɗi, ba neman izini.

Asalinsa daga wata manhajar karatu ne mai suna Stanza, ta kamfanin Lexcycle, wadda take da hanyar nuna jerin littattafai a cikin waya. A 2009 kamfanin Amazon ya sayi Lexcycle. A shekarar ce kuma Internet Archive da Feedbooks da wasu suka ɗauki aikin mai da wannan hanya ƙa'idar kowa da kowa. Bugu na 1.0 ya fito a 2010, na 1.1 a 2011, na 1.2 a 2018. Waɗannan an gina su a kan Atom, tsarin da shafukan labarai suke amfani da shi tun 2005 don sanar da sababbin rubuce-rubuce. Akwai kuma OPDS 2.0 wanda aka rubuta da wani tsari mai suna JSON. Mai karatu ba ya bukatar sanin waɗannan sunaye, amma wanda zai kula da kundin kwaleji ya kamata ya san akwai iri biyu, domin wasu tsofaffin manhajoji na farkon kaɗai suke ganewa.

Yadda yake aiki

Kowane kundi yana da adireshi, kamar adireshin shafin intanet. Mai karatu zai rubuta adireshin sau ɗaya a cikin manhajarsa. Daga nan, duk lokacin da ya buɗe, manhajar za ta tambayi kundin abin da yake da shi, kundin ya amsa da jeri.

Jerin iri biyu ne. Akwai jerin jagora, wanda ba ya ɗauke da littafi, sai dai ƙofofi: Tsohon Alkawari, Sabon Alkawari, Tarihin Ikkilisiya, Aikin Kiwo, Lafiya da Noma, Littattafan Yara. Akwai kuma jerin samu, wanda yake ɗauke da littattafan kansu. In ɗan'uwanmu na Kara ya taɓa Tarihin Ikkilisiya, zai ga kowane littafi da sunansa, da marubucinsa, da harshensa, da taƙaitaccen bayani, da hoton bango, da maɓallin saukewa. In kundin yana da gurbin bincike, zai iya rubuta kalma ɗaya a nemo masa.

Ƙa'idar ta kuma tanadi hanyar faɗin yadda ake samun kowane littafi: wannan kyauta ne, wannan na sayarwa ne ga kuɗinsa, wannan aro ne na 'yan kwanaki, wannan ɗanɗano ne na 'yan shafuka. Ke nan buɗaɗɗen kundi ba ya nufin kome kyauta ne. Mai wallafa yana iya sayar da littafinsa ta wannan hanya, ɗakin karatu kuma yana iya ba da aro.

Abu mai muhimmanci ga mazaunin karkara shi ne, jerin rubutu ne tsura, ba shi da nauyi. In sabis ya yi rauni, jerin yakan buɗe ko da babban shafin intanet ya ƙi. In an sauke littafin kuma, ya zauna a waya, ana karanta shi ba data.

Daga cikin manhajojin da suke gane OPDS akwai FBReader, Moon+ Reader, Librera da KOReader a wayoyin Android, da Thorium Reader a kwamfuta. Daga cikin masu ba da kundi akwai Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a Amurka a 1971, yana da littattafai fiye da 70,000 kyauta, galibi tsofaffi ne na Turanci, ciki har da rubuce-rubucen Agustin da Yusufus da John Bunyan. Kiwix, manhajar da take ba mutum damar karanta Wikipedia ba intanet, ita ma da OPDS take jera kayanta. Bloom Library ta ƙungiyar SIL, wadda take da ƙananan littattafai cikin harsuna masu yawa har da Hausa, tana ba da kundinta ta wannan hanya.

Don me muke nace wa buɗaɗɗe?

Wani zai ce, ai akwai manhajoji masu kyau da suke da littattafansu a ciki, me ya kawo wannan wahala? Amsar tana cikin abin da ya riga ya faru.

A 2013 Okechukwu Ofili ya kafa OkadaBooks a Nijeriya. Marubutan Hausa da yawa, musamman mata masu rubuta labarai, sun sa littattafansu a can, masu karatu suna saye ta waya. A ƙarshen Nuwamba 2023 kamfanin ya rufe. Marubuci da ba shi da wani wurin da ya jera aikinsa sai ya koma neman masu karatunsa daga farko. Wannan ba a nan kaɗai ya faru ba. A 2019 kamfanin Microsoft ya rufe kantinsa na littattafan lantarki, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa, aka mayar musu da kuɗinsu. A 2009 Amazon ya goge wasu littattafan George Orwell daga na'urorin Kindle na mutanen da suka riga suka saya, saboda matsalar haƙƙin mallaka, daga baya ya nemi gafara.

Ba muna cewa waɗannan kamfanoni mugaye ba ne. Darasin shi ne, in fayil da manhaja da kundi duk suna hannun mutum ɗaya, ran da ya rufe ƙofa kome ya tsaya. Kayan aro ba ya rufe katara. Amma in fayil EPUB ne, kundi kuma OPDS ne, to, in manhaja ɗaya ta mutu sai a sauke wata, a sa adireshin, littattafai su dawo. In kwaleji ta canza wurin ajiya, sai ta sanar da sabon adireshi. Ɗan'uwan da aka sace wa waya a tashar Gwarzo zai yi asarar waya, amma ba zai yi asarar ɗakin karatu ba.

Bayanan littafi da haruffan Hausa

Kundi ba ya fin bayanan da aka zuba masa. A 1995 masu ɗakunan karatu da masana kwamfuta suka taru a garin Dublin na jihar Ohio a Amurka, suka fara tsara abin da ake kira Dublin Core, wanda yake da gurabe 15 na bayanin littafi. OPDS yana aro daga cikinsu. A gare mu, kada a sa littafi a kundi sai an cike waɗannan: suna, marubuci, mai fassara in akwai, mai wallafa, shekara, harshe, fanni, da sharaɗin haƙƙin mallaka. In littafin yana da lambar ISBN, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa yake bayarwa a Nijeriya, a sa ta. Alamar harshen Hausa a wannan tsari ita ce ha. In an bar gurbin harshe fanko, ko aka bar shi a Turanci, mai neman littattafan Hausa ba zai ga littafin ba ko da yana nan.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Kwamfuta ba ta ɗaukar k da ƙ a matsayin harafi ɗaya. Sunan garin Kara da kalmar ƙara abu biyu ne a wurinta, kamar yadda suke a bakinmu. In mai cike kundi ya rubuta sunan littafi da lanƙwasa, mai nema kuma ya rubuta ba lanƙwasa, wasu manhajoji ba za su haɗa su ba. Shawararmu ita ce a rubuta suna daidai da ƙa'idar rubutun Hausa, sannan a ƙara siffar da ba lanƙwasa a cikin kalmomin bincike. A tuna kuma 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna rubuta ƴ inda muke rubuta 'y.

Akwai wani tarko kuma. Littattafai da yawa da aka buga a kwamfuta shekarun baya an yi su da haruffa na musamman waɗanda ba sa bin tsarin Unicode. In aka mai da irin wannan fayil EPUB kai tsaye, sai ƙ ta koma wata alama dabam. Dole mutum ya zauna ya gyara, ya karanta daga farko zuwa ƙarshe kafin a saki littafin.

Kundin gida, ko ba intanet

Ba sai kwaleji ta yi hayar wuri a intanet kafin ta fara ba. Akwai manhajar kwamfuta kyauta mai suna Calibre, wadda Kovid Goyal ya fara a 2006. Tana ajiye littattafai, tana juya fayil ɗin Word zuwa EPUB, tana da gurabun cike bayanai, kuma tana iya buɗe kundin OPDS daga kwamfutar da take ciki. Matakan su ne:

1. A tara fayilolin da ake da izinin rabawa a kwamfuta ɗaya, a cike bayanansu.
2. A haɗa kwamfutar da wayoyi a kan wifi ɗaya. Wifi ɗin waya ɗaya ma ya isa, ko da babu data a cikinta.
3. A kunna sashen rabawa na Calibre. Zai nuna adireshi na lambobi wanda yakan ƙare da 8080.
4. Kowa ya rubuta adireshin a manhajarsa, ya ƙara /opds a ƙarshe, ya sauke abin da yake bukata.

Da wannan, ranar taron ma'aikata na gunduma, mutum ɗaya ya zo da kwamfutar tafi-da-gidanka mai cikakken caji, ma'aikata ashirin su koma gida da littattafai iri ɗaya, bugu ɗaya, ba wanda ya sayi data. In daga baya aka sami halin ɗora kundin a intanet, Calibre tana ba da damar sa suna da kalmar sirri, domin littattafan da aka keɓe wa ɗalibai kaɗai.

Haƙƙin mai rubutu

A nan ne shugabanni za su yi hankali. Sauƙin rabawa ba izinin rabawa ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare littafi har shekara 70 bayan mutuwar marubucinsa. Ɗaukar hoton littafin da ake sayarwa a kanti a zuba shi a kundi cin haƙƙi ne, ko da niyyar mai kyau ce. Marubutan Hausa ba su da yawa, masu wallafa musu ma haka. In muka cinye guminsu, gobe ba mai rubuta mana.

Abin da ya halatta a sa iri uku ne: littattafan da wa'adin kariyarsu ya ƙare, waɗanda masu su suka sake da lasisi irin na Creative Commons, da waɗanda muka nemi izini a rubuce aka ba mu. Kashi na ukun nan ne dukiyarmu take. Malamai da yawa sun yi shekaru suna koyarwa da Hausa, darussansu suna cikin fotokwafi da ya fara dushewa, wasu a akwati gara tana ci. In mai su yana da rai, a je a gaishe shi a nemi izininsa. In ya rasu, a nemi iyalinsa. A rubuta sharaɗin a takarda: kyauta ne, ko na ɗalibai kaɗai, ko na sayarwa.

Abin da kundi ba zai yi mana ba

OPDS ba ya tantance koyarwa. Zai jera littafin ƙwarai da na banza da tiya ɗaya. Saboda haka kowane kundi yana bukatar kwamiti na mutum biyu ko uku da za su karanta kafin a sa, su kuma ɗauki alhakin abin da aka sa. Ba ya rubuta littafi: in ba mu rubuta da Hausa ba, sashen Hausa zai zauna fanko. Ba ya cajin waya, ba ya saya wa mai ƙaramar waya babba. Kuma kwamfuta ɗaya ba ma'ajiya ba ce. A kwafi dukan littattafan a wuri na biyu, a ajiye a wani gini dabam, a riƙa sabunta kwafin kowane zangon karatu.

Kammalawa

Mun ga cewa fayil, da manhaja, da kundi abubuwa uku ne, kuma in kowannensu yana bin buɗaɗɗiyar ƙa'ida, mutuwar ɗaya ba ta kashe sauran. Aikin da ya rage ba na masanin kwamfuta kaɗai ba ne. Na mai neman izini ne, da mai gyara haruffa, da mai cike bayanai, da shugaban da zai ware wa aikin lokaci a taro. Muna ba da shawara kowace gunduma ta fara da littattafai goma waɗanda take da cikakken izininsu, ta gwada a taro ɗaya, ta ji abin da ma'aikatan ƙauyuka za su ce kafin ta ƙara.

Tambayoyi don nazari

1. Bayyana bambanci tsakanin fayil, manhajar karatu, da kundi, da misali daga wayarka.
2. Wane darasi rufewar OkadaBooks a 2023 take koya wa kwaleji ko gunduma da take son raba littattafanta?
3. Duba littattafan da suke cikin wayarka yanzu. Nawa ne ka san marubucinsu da shekararsu? Nawa ne kake da tabbacin an yarda a raba su?
4. Rubuta sunayen malamai ko dattawa uku da ka san suna da rubuce-rubucen Hausa da ba a wallafa ba. Wa ya dace ya je neman izini, kuma me za a rubuta a takardar?